Zafin Laftof ɗin Kurciya

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba", na gan ku, ku yi haƙuri, ba jan rai ba ne. Mai yarinya irin tawa ba ta da lokacin kanta. Sababbin shigowa kuma, ga inda muka kwana: 'yata Kurciya shekararta shida, ba ta magana. Sai in ta zauna gaban tsohuwar laftof ɗin da yayana ya bar mana tana gem ɗin gina gidaje, a nan kaɗai bakinta ke buɗewa. Surukata Hajiya ta ce ƙarya nake yi, yau da yamma za ta zo ta ji da kunnenta. In ba ta ji ba, za ta tafi da yarinyar ta ajiye a wurinta, ta riƙa kai ta gun mai maganinta. Laftof ɗin kuwa kwanan nan da an kunna gem sai ta ɗau zafi ta mutu.

*

Mai gyaran da na kai wa laftof ɗin ya kifa ta a kan teburinsa, ya ture tarin wayoyin da ke gefe, ya ɗauki sukudireba. Sai ya tsaya.

"Anti, wa ya taɓa buɗe ta?"

"Babu kowa."

"To aljani ne ya cinye kan notin nan?"

Na leƙa. Kan notunan duk sun goge, wani ma ya karkace.

"Wannan ba da sukudireba aka kwance ba," ya ce. "Bakin wuƙa ne. Wuƙar kicin ma kuwa."

"Malam, ni dai ka taimaka ka duba min. Kafin la'asar nake son ta."

"Kowa kafin la'asar yake so. Ga wancan tun makon jiya yake kafin la'asar."

Ban yi dariya ba. Ya kalle ni, ya ga babu wasa a fuskata, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba. Da kyar notin ƙarshe ya fita. Ya ɗaga murfin, ya kwance wani lanƙwasasshen jan ƙarfe da ya taho daga wajen fanka, ya ɗaga shi a hankali.

Ya kai hanci. Ya janye. Ya sake kaiwa.

"Anti, matso ki shinshina."

"Me zan shinshina?"

"Ke dai matso."

Na matsa. Ƙamshin na'ana'a ne ya doki hancina, gauraye da ƙaurin abin da ya ƙone.

"Makilin ne," ya ce, yana dariya har da riƙe ciki. "Wallahi makilin ne! Kai, na ga abubuwa a shagon nan. Haƙoranta dai sun fita tas, amma ƙwaƙwalwa ta dahu."

Ya nuna min da tsinken sukudireban.

"Kin ga wannan ɗan baƙin abin mai sheƙi? Shi ne ƙwaƙwalwarta, shi ke yin zafi in ana gem. Wannan jan ƙarfen shi ke janye zafin ya kai wa fanka ta hura shi waje. To tsakaninsu akwai wani mai ruwan toka da ake sawa, mu tamal fes muke ce masa, shi ke miƙa zafin daga wannan zuwa wannan. In ya tsufa ya bushe, sai a goge a sa sabo. Shi ke nan fa aikin. To wani gwani ya goge na asalin ya lafta mata man goge baki."

"Yana yi ne?"

"Yini ɗaya, ko biyu. Daga nan ya bushe ya zama kamar alli. Maimakon ya miƙa zafi sai ya tare shi."

Na ƙura wa abin ido. Ya bushe ya farfashe, amma a gefe-gefe inda ya malalo, launinsa bai ɓace ba. Kore ne mai ratsin fari.

Ni da Kurciya fari muke amfani da shi, marar yaji, don ba ta jure yaji a baki. Kore mai ratsi mutum ɗaya ne yake sayensa a gidanmu.

Na jawo bencin da ke gefe na zauna.

Mai gyaran bai lura ba. Ya jiƙa auduga da sifirit yana gogewa a hankali, yana canja auduga, har ɗan baƙin abin ya fito yana ƙyalli kamar madubi. Ya goge jan ƙarfen ma. Ya sa ɗan buroshi a fanka, sai ga wani dunƙulen gashin bargo ya fito, ja wur.

"A kan gado kuke ɗora ta?"

"A'a. A kan tebur take. Ban taɓa bari an kai ta ɗaki ba."

"To bargo ne ya yi ƙafa ya zo falo."

Jan bargo ɗaya ne a gidanmu, yana kan gadonmu.

Ya ɗauko wani ɗan sirinji, ya matsa man ruwan tokar a tsakiyar ƙwaƙwalwar, ɗan ɗigo kamar ƙwayar wake.

"Shi ke nan?" na ce. "Ba za ka ƙara ba?"

"Ba man shafawa ba ne, Anti. In ya yi yawa ma matsala ne. Ƙarfen ne zai danne shi ya baje da kansa."

Ya mayar da jan ƙarfen, ya ɗaure notunan, wannan kusurwa sannan waccan, kaɗan-kaɗan. Ya rufe. Ya kunna.

"Wane gem ɗin ne yake kashe ta?"

"Na gina gidaje."

"Wannan ai ba shi da nauyi sosai." Ya ɗan yi bincike, ya buɗe wani wuri, ya buɗe wani a cikinsa. Sai ya yi murmushi. "Yawwa, ga ɓarawon. Gem ɗin ƙwallo. Wannan shi ya fi ƙarfinta. Amma yarinyar taki gwana ce fa, har kofi ta ɗauka."

"Kurciya ba ta san ƙwallo ba."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya kalle ni, ya kalli allon, ya yi tarin da ba na mura ba.

"To… ni dai gyara na sani."

Ya kunna gem ɗin gidajen ya bar shi yana tafiya. Na sa hannu a gefen da iska ke fita. Babu zafi. Babu ƙara.

"Ta samu lafiya," ya ce, "amma zan faɗa miki gaskiya, ta sha wuya. Abin da ke fitar da hoto ya jigata. Lallaɓa ta za ku yi kamar tsohuwa mai hawan jini."

*

Na tarar da Kurciya a ƙasan tebur, inda take shiga in babu laftof ɗin, tana jera murafen kwalba a layi tana kukan nan nata, kuu, kuu, wanda ya sa muka sa mata sunan. Babanta yana kwance a doguwar kujera yana latsa waya. Aikin yamma yake yi a wani otal, shi ya sa shi ke zama da ita da safe in na tafi kantin maganin da nake aiki.

Na wuce banɗaki, na ɗauko man goge bakinsa, na zo na ajiye masa a ƙirji.

"Mene ne haka?"

"Kai zan tambaya."

"Maman Kurciya, bakina wari yake yi ne?"

"Laftof ɗin ce take wari. Warin na'ana'a."

Ya tashi zaune a hankali.

"Da wace wuƙar ka buɗe? Ta yankan albasa?"

"Ki rage murya, yarinya tana ji."

"Yau ka san tana ji?"

Ya shafa kai.

"A waya na gani. Wani ne ya yi, ya ce yana aiki. Taimako na yi niyya."

"Taimakon wa?"

"Zafi take yi, na ce bari in gwada…"

"Me ya sa ta fara zafin?"

Ya kalli wayarsa.

"Na ce me ya sa ta fara zafin? Ba ƙwallon da kake bugawa a kan gado ba ne? Ashe har kofi ka ci, ban yi maka barka ba."

"Kin fara ko?"

"Ban ma fara ba. In kana ɗaki kana cin kofi, ita tana ina?"

Ya kalli ƙasan tebur. Ni ma na kalla. Ashe shi ya sa gwiwoyin wandonta duk suka goge. Ashe shi ya sa murafen kwalba suka yi yawa a gidan nan. Ni ina can tsaye ina miƙa wa mutane magani, hankalina kwance, ina cewa 'yata tana gina gari tana koyon kalmomi.

"Kana kallo na riƙa ɗora ta a kan kwalaben ruwan sanyi," na ce. "Kana kallo na juya mata fankar ɗaki, mu muna gumi. Na zargi caja, na zargi batir, har yayana na kira na ce ruɓaɓɓen kaya ya ba mu. Kana zaune kana ji."

"To ai an gyara yanzu. Magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba. In Hajiya ta zo, kai za ka fara faɗa mata. Ka ce ka ji Kurciya ta yi magana. Kai ɗanta ne, naka za ta yarda da shi."

Ya kawar da kai.

"Baban Kurciya. Ka ji ta ko ba ka ji ta ba?"

"Na ji."

"Me ta ce?"

"Ƙofa. Ruwa. Irin waɗannan." Ya haɗiye yawu. "Ran nan ta gina wani ɗan ɗaki a gefe, ta nuna, ta ce Baba."

Shekara shida ina jiran ta kira wani daga cikinmu.

"Ta ce Baba, ba ka faɗa min ba?"

"In na faɗa miki sai me?"

"Hajiya tana ce min maƙaryaciya a gabanka, kana shiru!"

"Saboda ni na ce ta zo ta ɗauke ta!"

Kukan kurciyar da ke ƙasan tebur ya tsaya cak.

Shi kansa sai da ya tsorata da muryarsa. Ya sassauta, amma maganar ta riga ta fita.

"Ni na kira ta. Ba ita ta kawo maganar ba."

"Kai?"

"Na gaji, Maman Kurciya. Wallahi na gaji. Kina fita za ta fara. In na kunna ruwa ihu, in na rufe ƙofa ihu, in cokali ya faɗi ihu. Ba na barci, in je aiki ina gyangyaɗi a gaban baƙi. Abokaina suna zuwa da 'ya'yansu suna gaishe ni, ni tawa tana ƙasan tebur. Ƙwallon nan ita kaɗai ce inda nake mantawa."

"Ita kuma laftof ɗin nan ita kaɗai ce inda take tunawa tana da baki."

"Kalma huɗu ko biyar? Shi ne magana?"

"Bara ko ɗaya babu."

"Wata biyu kawai za ta yi a can. Mu huta."

"Ka san me mai maganin nan yake yi wa yara? Ka san ɗaki yake rufe su da hayaƙi? Yarinyar da ƙarar cokali ke firgita ta?"

"Hajiya ba za ta cuce ta ba."

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, Baban Kurciya."

"Ni ban ce a yar ba."

"Me ka ce?"

A lokacin ne aka ƙwanƙwasa ƙofa.

*

Hajiya ta shigo da sallama, da ƙatuwar jaka a hannu. Jakar babu komai a ciki, daga yadda take lilo na gane. Ta kayan Kurciya ce.

Na durƙusa.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Kun zo lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ina mutuniyar tawa? Au, tana mazauninta." Ta leƙa ƙasan tebur. "Ke kishiyar kyanwa, ba za ki fito ki gaida kakarki ba?"

Kurciya ta toshe kunnuwa.

"Kin gani ko?" Hajiya ta zauna tana gyara mayafi. Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma wannan ne ya fi min ciwo. "Ni ba ƙinki nake ba, 'yar nan. Na haifi bakwai, na san yaro mai jinkirin baki, na san wanda aka taɓa. Kin ba akwatin nasara amanar 'yarki, shi zai koya mata magana?"

"Hajiya, likita ma ya ce a bar ta da shi."

"Likita ya haife ta? To na zo. Kunna in ji."

Na kalli babanta. Ya tsura wa tayil ido kamar an ce ya ƙirga su.

Na ajiye laftof ɗin a kan tebur, na gyara wa Kurciya kujerarta, na kunna. Garin Kurciya ya bayyana: dogayen gidaje masu ƙofofi barkatai, kogin da ta haƙa ya zagaye su, da gadar da ta yi makonni tana ginawa tana rushewa. Komai yana nan. Na yi hamdala a zuci.

"Kurciyata, zo. Ga garinki ya dawo."

Ta leƙo. Ta ga hasken allon. Ta fito da rarrafe, ta hau kujera.

Na tsaya a bayanta.

Ba ta taɓa madannan ba. Ta miƙa hannun hagu ta ɗora a gefen laftof ɗin, daidai inda iska ke fita. Ta jira. Ta cire hannun ta kalli tafinsa. Ta mayar.

Sai ta kwantar da kunnenta a jikin laftof ɗin.

Ta daɗe a haka.

Ta ɗago, ta ture ta da yatsa ɗaya, kamar yadda take ture abincin da ba ta sani ba. Ta sauka daga kujera.

"Kurciya, taki ce. Wallahi taki ce. Dubi gadarki."

Ta koma ƙasan tebur.

A nan na gane, kuma ganewar ta zo min a makare. Tun ranar da laftof ɗin nan ta shigo gidanmu tsohuwa ce, da ɗuminta da gurnaninta ta zo. Kullum hannun hagun Kurciya yana kan iskar nan mai ɗumi, kullum fanka tana kuka ita ma tana bin ta da nata kukan, daga cikin kukan ne kalmomin suke fitowa. Ni na ɗauka gidajen take yi wa magana. Na kai an cire zafin, an cire ƙarar, na dawo mata da baƙuwa.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

"To," Hajiya ta ce a hankali. "Na gani."

"Hajiya, ku ɗan ƙara mata lokaci. Gyara aka yi, ba ta saba ba ne."

"Kullum da abin da aka yi. Jiya zafi, yau sanyi." Ta juya wurin ɗanta. "Kai, ka taɓa jin yarinyar nan ta yi magana?"

Na kalle shi. Ban taɓa roƙon mutum da ido kamar yadda na roƙe shi ba.

"Ni dai…" ya ce. "Ba na iya cewa ga abin da take faɗa."

Hajiya ta miƙe, ta miƙo min jakar.

"Zuba mata kaya kala biyar. Kar ki manta da man shafawarta."

Ban karɓa ba.

"'Yar nan, kar ki sa in yi miki abin da ban yi niyya ba."

Na zare gyalena daga kafaɗa. Na ninka shi, na sake ninkawa. Na cusa shi a gefen laftof ɗin, na toshe mafitar iskar gaba ɗaya, na danne da tafin hannuna. Da ɗaya hannun na buɗe inda mai gyara ya buɗe, na kunna gem ɗin ƙwallon a kan na gidajen.

"Ke! Me kike yi?" babanta ya miƙe. "Za ki ƙona ta!"

"Kar ka matso."

"Maman Kurciya, in ta mutu yanzu ta mutu ke nan!"

"Na ce kar ka matso."

Ɗumi ya fara ratsa gyalen. Fankar ta fara, can ƙasa-ƙasa, sannan ta ɗaga murya, ta ƙara ɗagawa, har ta koma gurnanin nan da na yi kwanaki ina tsine masa. Na rufe ƙwallon, garin ya dawo. Tafin hannuna ya fara zafi. Ban ɗaga ba.

Daga ƙasan tebur na ji: kuu.

Kuu, kuu.

Wani ɗan hannu ya fito ya kama gefen kujera.

Hajiya ta tsaya da jaka a hannu.

Kurciya ta hau. Ta ɗora hannunta a kan nawa, inda zafin yake. Ta kalli allon.

Wani koren layi ya tsaga garin daga sama har ƙasa. Sai na biyu. Gadar ta fara rawa, gidajen suna rarrabewa gida-gida kamar fasasshen tayil.

"Faɗi, Kurciyata," na ce, hawaye yana shiga min baki. "Ko ɗaya ce. Faɗi, kakarki tana ji."

Ta ɗaga yatsa ta nuna abin da ya rage na gadar.

Ta buɗe baki.

Allon ya yi baƙi.